Gadon Sana'a a Marinar Ƙofar Mata

A ƙasar Hausa ta dā, uba ne ke zaɓa wa ɗansa hanyar neman abinci, kuma galibi hanyar da ya gada ce, shi ya sa ake bambanta ɗan gado, wato wanda ya tashi ya tarar da sana'a a gidansu, da ɗan haye, wanda ya shigo ta da girmansa. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta rayu ne bisa wannan tsari. Tun yaro bai iya ɗaukar tulu ba yake zama bakin rijiyar rini, yana kallon yadda mahaifinsa ke haɗa baba, ganyen da ke ba da shuɗi, da toka, har ya gane nunar ruwan daga kumfarsa da warinsa, ilimin da ba a rubuta shi a allo ba. Rijiyar kanta dukiya ce da ake gada, kuma sau da yawa aure ma tsakanin gidajen masu sana'a ɗaya ake ƙulla shi.

Shigowar yadin masaƙu na zamani da yaɗuwar karatun boko, musamman bayan shirin firamare kyauta na 1976, sun sa iyaye da dama suka fi son ganin 'ya'yansu a ofis. A yau rijiyoyi da yawa a marinar sun ƙafe.