Omdurman: Daga Ƙauyen Bakin Kogi Zuwa Birni

Gabatarwa

Idan aka ambaci babban birnin Sudan, mutane da dama a ƙasar Hausa Hartum kawai suke kawowa a ransu. Amma a haƙiƙa garuruwa uku ne ke kallon juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wato Hartum da Bahri da Omdurman. Wannan takarda za ta dubi na ukun, wanda ke gaɓar yamma, domin a ga yadda ƙauye ya zama fadar daula cikin 'yan shekaru, ya faɗo ya koma hedikwatar gunduma, amma duk da haka bai mutu ba.

Asali

Da Larabci ana kiran garin Ummu Durman, wato uwar Durman, kuma akwai ruwayoyin baka da ke danganta sunan da wata mata da ta taɓa zama a wurin. Lokacin da Turkawan Masar suka ci Sudan a 1821, Hartum suka raya har ta zama mazaunin gwamna. Omdurman kuwa ta ci gaba da zama ƙauyen masunta da masu fito, inda fatake daga Kordofan da Darfur kan sauke kaya kafin su haye ruwa. Haka ta zauna fiye da shekara sittin. Sai a 1884 Janar Gordon ya ƙarfafa wata 'yar ganuwar soja a wurin don tsare Hartum ta yamma.

Zango ya zama gari

A ƙarshen 1884 Muhammadu Ahmad, wanda ya yi da'awar shi ne Mahadi, ya iso daga yamma da rundunarsa ta Ansaru, ya ya da zango a Abu Sa'ad, kudu kaɗan da ƙauyen. Ganuwar Omdurman ta miƙa wuya a farkon Janairun 1885, sannan ranar 26 ga watan aka ci Hartum aka kashe Gordon. Abin lura a nan shi ne Mahadi bai tare a fadar gwamna ba. A ganinsa Hartum garin Turkawa ne, don haka ya ci gaba da zama a hayin yamma cikin bukkokin mayaƙansa. A nan ya rasu ranar 22 ga Yuni, 1885, aka binne shi a ɗakin da ya cika.

Wannan kabari shi ne ya ɗaure garin a inda yake. Magajinsa, Halifa Abdullahi, mutumin ƙabilar Ta'aisha daga kudancin Darfur, ya gina ƙubba a kan kabarin, ya kewaye wani makeken fili a gefenta ya zama masallaci, sannan ya gina gidansa dab da su. A 1886 ya umarci mutanen Hartum su tashi su ƙetaro. Aka riƙa rushe gidajen tsohon birnin ana hayewa da tubali da ƙyamare da katako a jiragen ruwa, ana gina sabon. Mabiya Mahadi suka riƙa kiran wurin Al-Buƙ'a, wato wuri mai albarka.

Ɗalibin da ya san tarihin Sakkwato zai ga kama a nan. Ita ma sansani ce da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, Shehu Usmanu ya koma can a 1815, da ya rasu a 1817 kuma Hubbare ya zama zuciyar gari. Sai dai akwai bambanci. Cikar Omdurman ta fi ta Sakkwato sauri, kuma an fi sa ƙarfi a cikinta. Halifa bai amince da ƙabilun bakin kogi ba, musamman dangin Mahadi, saboda haka a wajejen 1888 da 1889 ya sa aka kwaso danginsa Ta'aisha da sauran Baggara daga yamma, da mata da yara da dabbobi, aka zaunar da su a kusa da shi. Ba dukansu ne suka zo da son ransu ba. Zuwan nasu kuma ya dace da yunwar da Sudaniyawa ke kira Sanat Sitta, wato ta shekarar 1306 ta Hijira. Aka riƙa ciyar da baƙin daga hatsin da ake karɓowa a Jazira, talakawa kuwa suna mutuwa a kan titi. Duk wanda zai yaba wa Halifa kan gina birni, to ya kamata ya ambaci wannan ma.

Masu tarihi kan ƙiyasta jama'ar garin a zamanin Halifa da kimanin 150,000, adadin da kan ƙaru idan an kira runduna. Aka kafa Baitulmali inda ake tara ganima da zakka, ake kuma buga kuɗin azurfa, da Baitul Amana inda ake ajiye makamai, da kurkukun Sayir, da babbar kasuwa wadda aka kasa ta layi-layi bisa ga sana'a.

Inda tarihin nan ya fi fitowa fili shi ne sunayen unguwanni, domin garin ya ginu ne bisa tsarin sansani, kowane amiri da jama'arsa a ƙarƙashin tutarsa. Unguwar Mulazimin ta samo suna daga dogaran Halifa. Wad Nubawi sunan wani amiri ne. Abu Anja kuwa shi ne Hamdan Abu Anja, babban kwamandan da ya yaƙi Habasha ya rasu a 1889. Unguwar Baitulmali tana inda ma'ajin yake. Maurada ita ce mashigar ruwa inda jirage ke tsayawa, Abu Rof kuma ta yi suna da sassaƙar jirage. Akwai kuma Masalma, inda aka zaunar da Kiristoci da Yahudawan da aka sa su musulunta, wato Kibɗawa da Girkawa da Siriyawa. Da mulkin ya faɗi da yawansu sun koma addininsu, amma ba su bar unguwar ba, sunan kuma ya zauna. Wannan daidai yake da yadda a Kano sunaye irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa ke gaya wa mutum waɗanda suka fara sauka a wurin.

Bayan Karari

Ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Ingila da Masar ƙarƙashin Kitchener ta haɗu da ta Halifa a filin Karari, arewa da gari. Cikin safiya guda bindigogi masu sarrafa kansu suka kashe Ansaru fiye da 10,000, alhali a ɗaya ɓangaren mutum 48 ne suka mutu. Aka farfasa ƙubbar Mahadi, ba a sake gina ta ba sai 1947. Halifa ya tsere kudu, aka cim masa a Ummu Dibaikarat a Nuwambar 1899.

Kitchener ya mai da hedikwata Hartum, ya sake zana ta da miƙaƙƙun tituna. Baggara da dama suka koma yamma, jama'ar Omdurman ta ragu ƙwarai, garin da jiya yake fadar daula ya zama gunduma a cikin lardin Hartum, a hannun jami'in Bature da ake kira mufattish, kwatankwacin Di'o a Nijeriya ta Arewa. A irin wannan hali gari kan watse. Dikwa, wadda Rabe ya mayar fadarsa a 1893, ba ta sake kai matsayin da ta taka a zamaninsa ba.

Abin da ya riƙe Omdurman, a ganina, kasuwa ce da kuma rashin kulawar Turawa. Hanyar fataken yamma ba ta sauya ba, don haka raƙuma da shanu da ƙaro da fatu nan suka ci gaba da sauka. Masu sana'ar da Halifa ya tara, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, sun riga sun yi gida. Sannan da yake Hartum ta zama garin ofis da baƙi, sai ɗan ƙasa ya ga ya fi sakewa a hayin yamma. Akawu ya yi aiki a Hartum da safe, da yamma ya haye gida, abin da ya ƙara sauƙi bayan buɗe gadar Farin Nilu a 1928.

Daga nan sai kusan duk abin da ake kira na Sudaniyawa ya riƙa tsirowa a Omdurman. An kafa makarantar ilmin addini ta Ma'ahad a 1912, wadda daga baya ta zama Jami'ar Musulunci ta Omdurman. Kulob ɗin 'yan boko ya buɗe a 1918, kuma daga irin wannan haɗuwa aka samu Majalisar 'Yan Boko ta 1938, wadda ta zama makarantar 'yan siyasar neman 'yanci. Isma'il al-Azhari, firayim ministan da ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, haifaffen garin ne. Manyan kulob ɗin ƙwallo biyu, Al-Merrikh da Al-Hilal, nan suke. Gidan rediyon ƙasa ma a nan aka buɗe shi a 1940.

A wannan rediyon ne Hausawa ke da wani kaso. Tun da daɗewa alhazan ƙasa daga Sakkwato da Kano da Barno ke ratsa Sudan zuwa Makka, wasu su yi shekaru suna neman guzuri, wasu su zauna ɗungurungum. Sudaniyawa kan haɗa su duka su kira su Fallata ko Takari. Daga cikin zuriyarsu aka samu A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Fallatiya, 'yar wani malami. An haife ta a Kassala, ta yi karatun allo a makarantar mahaifinta a Omdurman, kuma a farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Sudan. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974.

Ƙidayar lokacin samun 'yanci ta nuna jama'ar garin sun ɗan haura 113,000. A 1983 sun wuce rabin miliyan, a 1993 kuma sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, fiye da Hartum kanta. Wannan karon ba umarnin sarki ne ya kawo su ba. Farin 1984 da 1985 ne ya koro mutanen Kordofan da Darfur, yaƙin kudu kuma ya koro wasu, suka yi ta kafa bukkoki a bayan gari wajen Umbadda, ruwan famfo da wuta suna biyo baya a hankali.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF ya shiga tsakiyar tsofaffin unguwannin nan. An gwabza a Mulazimin da Baitulmali da Wad Nubawi, babbar kasuwa ta lalace, gidan Halifa da aka mayar gidan tarihi tun 1928 shi ma bai tsira daga ɓarna ba. Soja sun ƙwato gidan rediyo a Maris 2024, sannan a Mayun 2025 suka ba da sanarwar fitar da RSF daga jihar Hartum baki ɗaya.