Tarihin Jigilar Bayanan Rumbu a kan Ethernet

Jigilar bayanan rumbu a kan Ethernet hanya ce da manyan kwamfutoci ke bi su adana bayanai ko su ɗauko su daga faya-fayan da ke wani ɗaki ko wani gini, ta irin wayar da ke haɗa kwamfutocin ofis. A tsakiya akwai na'urar rarraba saƙo, wadda ma'aikata ke kira suwic. Saitinta ne ke hana bayanai zubewa, shi ne kuma ke hana baƙo kaiwa gare su.

Asali

Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro Ethernet a 1973, a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka. Ƙungiyar IEEE ta amince da ƙa'idarta a 1983. Tun farko Ethernet tana da hali guda: idan hanya ta cushe, sai ta yar da wani ƙunshin bayanai, mai aikawa ya sake turowa. Wasiƙar imel takan jure wannan, amma rumbun banki ba ya jurewa. Don haka aka shimfiɗa wa rumbu hanyarsa daban, wato Fibre Channel, wadda ƙa'idarta ta fito a 1994. A kanta, mai aikawa ba ya sakin komai sai mai karɓa ya shaida masa akwai wuri. Amincinta ya zo da tsada, domin kowace cibiya sai ta sayi wayoyi da na'urori kashi biyu, ta riƙe ƙwararru iri biyu.

Haɗe hanyoyin

Da gudun Ethernet ya kai gigabit 1 a 1998, sannan 10 a 2002, sai injiniyoyi suka nemi haɗe hanyoyin. IBM da Cisco suka jagoranci ƙirar iSCSI, wadda ke ɗora umarnin faifai a kan tsarin da intanet ke amfani da shi, aka wallafa ƙa'idarta a 2004. A 2009 aka kammala FCoE, wadda ke sanya saƙon Fibre Channel kai tsaye cikin ƙunshin Ethernet. Wannan ya tilasta gyara halin suwic. A 2011 IEEE ta fitar da ƙa'idar da ke ba shi damar tsayar da aji ɗaya cikin azuzuwan saƙo 8 na ɗan lokaci maimakon ya yar da shi, da wata da ke ware wa rumbu kasonsa na hanya. Masu saiti kan kuma faɗaɗa ƙunshi daga bayit 1,500 zuwa kusan 9,000. FCoE ba ta bazu kamar yadda aka zata ba, amma gyaran ya amfani wasu hanyoyin jigila da suka biyo baya, wato RoCE ta 2010 da ƙa'idar NVMe over Fabrics ta 2016.

Tsaro

Sa'ad da rumbu ke kan hanyarsa shi kaɗai, rabuwar wayoyi ce katangarsa. Da aka haɗe, sai tilas a gina katangar cikin saiti. Ana killace saƙon rumbu da VLAN, ƙa'idar 1998. Ana tantance kowace kwamfuta da CHAP kafin ta taɓa faifai, a kulle saƙo da IPsec ko MACsec ta 2006. A FCoE, suwic kan saurari rajistar kowace na'ura, ya toshe wadda ba ta yi ba.

A Najeriya

A 2023 aka buɗe cibiyar bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Mutumin Rano ko Kibiya da ya cire kuɗi wajen mai POS, ko ya yi rajistar lambar ɗan ƙasa, bayanansa kan sauka a rumbun wata cibiya mai nisa. Ƙofa ɗaya da aka bari a sake a jikin suwic tana iya tona asirin dubban mutane, shi ya sa saitin nan amana ce da ta cancanci matasanmu su koye ta da gaske.