Gona ɗaya, sunaye huɗu: littattafan rajista da rikicin Bakolori

Adadin da ake gani a ƙasan rahoton hukuma ba daga littafi ɗaya yake fitowa ba. Ana ɗauko sunaye daga wannan kundi, awon gonaki daga wancan, kuɗi daga na uku, a jera su a layi guda, a buga hatimi. Yau kwamfuta ke yin wannan aiki da jadawalan rumbun bayanai, amma a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tarihinta a can ya nuna cewa irin wannan rahoto ba kasafai yake lalacewa wurin tara lissafi ba. Inda yake lalacewa shi ne wurin ƙulli, wurin da wani ya yanke cewa sunan nan da ke wannan littafi shi ne mai gonar can da ke wancan.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, haraji ne ya fara tilasta haɗa littattafai. Mai unguwa ya san gidajensa, dagaci ya tattara na ƙauyuka, hakimai irin su Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun su miƙa jimla ga Baitulmali. Jangali kuwa littafinsa daban, shanu yake ƙirgawa. Daga waɗannan Razdan ke tsamo alƙaluman rahotonsa na shekara. Akwai zalunci a tsarin, akwai ɓoye shanu da ɓoye samari, amma ƙullin bai cika kwancewa ba, saboda dalili biyu. Mai riƙe da shi mutum ne mai rai, wanda ya san wane Garba ake nufi. Sannan tambayar da ake yi wa littafin ƙarama ce: nawa aka tara? Ko an rubuta kuɗin wani a kan sunan wani, jimla ba ta motsi. Mutane aka fi ƙirgawa, ba a damu da sanin gonar kowa da iyakarta ba.

Madatsar ruwan Bakolori ta zo da tambayar da waɗannan littattafai ba su taɓa amsawa ba. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma filin noman ranin da aka shimfiɗa mata ya kai wajen hekta 23,000. Tafkin ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane a ƙasar Maradun. A ƙasan madatsar kuma aka karɓe gonaki domin a baje su, a haƙa magudanai, bisa alkawarin za a mayar wa kowa rabonsa. Cika wannan alkawari yana bukatar aƙalla littattafai huɗu su dace da juna: na awon filaye, na sunayen masu su, na itatuwa da gine-gine da amfanin da za a biya diyyarsu, da na sababbin filayen da za a raba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wa na ukun nauyi, domin ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar manomi da haƙƙin abin da ya dasa ko ya gina a kanta.

A ɗauki misalin fadama guda. Uba ya rasu, ba a raba gado ba, babban wa ke riƙe da gandu a madadin ƙannensa. Ya ba maƙwabci aron wani yanki, wani yankin yana jingina a hannun ɗan kasuwa tun shekarar da aka yi fari, ɗorawar da ke tsakiya kuma ta gwaggonsu ce, ita ke cin kalwarta. Mai awo ya zo da takarda mai gurbi ɗaya tak na sunan mai gona. Wa zai rubuta? Wanda ya tarar a gonar ranar nan. Shi kuma sunansa na yanka Abubakar, a littafin haraji Garba, a unguwa Buba, wani malamin ya rubuta Habu, alhali a ƙauyen akwai Garba bakwai, uku daga cikinsu 'ya'yan Mamman. A da, in gardama ta tashi, sai a taka zuwa gona da dattawa: ga layin gamba, ga suri, ga tsamiyar da kakanni suka yi iyaka da ita. To katafila ta bi ta kan gambar da surin da tsamiyar. Aikin da kansa ya share shaidar da za a iya gyara kuskurensa da ita, aka bar manomi da takarda, takardar kuma tana hannun wasu.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Damina ta wuce wasu ba su yi shuka ba, diyya ta yi jinkiri ko ta zo a gutsure, rabon filaye ya cika da ƙorafi. Manoma suka shiga tare hanyoyi suna hana kamfani aiki, har zuwa ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, lokacin da 'yan sanda suka far musu da bindiga. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa ne. Ko gawawwakin ma ba a samu littafi ɗaya da kowa ya yarda da shi ba.

Za a ce ai wannan ɗora wa takarda laifin mutane ne, cewa abin da ya faru a Bakolori ƙarfin gwamnati ne da na jari a kan talaka, kamar yadda masani Bjorn Beckman ya yi bayani, tare da haɗamar masu rabon diyya. Gaskiya ne, kuma babu littafin da ya harbi kowa. Sai dai in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Inda sunan da ke littafin awo bai dace da na littafin biya ba, nan ne mai son cuta ke cusa sunan da babu mai shi, nan ne kuma ake ce wa mai haƙƙi ya koma gida ba a ga sunansa ba. Talakan da ba ya karatun boko ba shi da hanyar ƙaryata rahoton da aka ce an haɗa shi daga kundi huɗu.

Wasu kuma za su ce matsalar ta zamanin alƙalami ce, yanzu akwai kwamfuta da lambar NIN da BVN. Lambar ta warware rabin matsalar, ta bambance Garba da Garba. Amma ba ta faɗi ko shi ne mai gonar, ko ɗan aro ne, ko mai riƙe wa marayu. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar haɗa jadawalai ta hanyar gurbin da suka yi tarayya a kai, kuma ƙa'idar tana iya ɗaukar gona ɗaya mai masu haƙƙi biyar, in mai tsara jadawalin ya san akwai su. In bai sani ba, kwamfuta za ta maimaita kuskuren mai awo da sauri kawai. Akwai ma wani haɗarin da ya fi wannan: a haɗin da aka fi yi, duk layin da bai sami abokinsa a ɗaya jadawalin ba zubar da shi ake yi, rahoto ya fito tsaf ba tare da alamar an rasa kowa ba. Mafi muni kuwa su ne waɗanda ba su shiga kowane jadawali ba tun farko. Binciken masani William Adams ya nuna yadda raguwar ambaliya a ƙasan Bakolori ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamun da ba sa cikin taswirar aikin. Makiyayan da ke kiwon rani a fadamun nan ma haka.

Bayan da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 aka koma gyaran Bakolori, aka yi rajistar manoma cikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma kowane rabon taki ko bashin noma, daga Ruwan Gizo har Bakura, da jerin sunayensa yake zuwa. Masu haɗa waɗannan rahotanni su riƙa rubuta adadin sunayen da ba su dace da komai ba a shafin farko, kusa da jimla, kuma a karanta jerin da babbar murya a ƙofar dagaci kafin kowa ya sa hannu.