Baƙon Tauraro na Shekarar 1054 da Burbushin da Ya Bari

A farkon watan Yuli na shekarar 1054, a zamanin daular Song, masu duban taurari na fadar Sarkin Sin sun rubuta cewa wani tauraro da ba su san da shi ba ya ɓullo a gabas kafin fitowar rana, suka kira shi "baƙon tauraro". Kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, sannan ya ci gaba da fitowa da dare har zuwa watan Afrilu na 1056. Haka kuma Ibn Butlan, wani likita Kirista mutumin Bagadaza, ya ambace shi, ya kuma danganta shi da annobar da ta afka wa birnin Kustantiniyya. Maganarsa ta tsira ne a cikin littafin tarihin likitoci na Ibn Abi Usaibi'a, na ƙarni na 13.

A yau mun san cewa mutuwar wani gawurtaccen tauraro suka gani. Idan makamashin irin wannan tauraro ya ƙare, sai cibiyarsa ta rufta, gangar jikinsa ta tarwatse, ta bar gajimaren iskar gas mai haske yana ta bazuwa. John Bevis na Ingila ya hango wannan gajimare a 1731, a burujin Sa, wato burujin da Kaza da 'Ya'yanta suke. Daga baya Lord Rosse ya laƙaba masa sunan Ƙaguwa saboda siffarsa. Da aka lura a 1921 cewa yana faɗaɗa, sai Edwin Hubble ya yi lissafi da baya a 1928, ya ga fashewar ta dace da abin da Sinawa suka rubuta. A 1968 aka gano ragowar cibiyar, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa guda. Haskensa kuwa sai ya yi tafiyar kimanin shekara 6,500 kafin ya iso gare mu.

Abin lura a nan shi ne, ba don 'yan layukan da malaman fada suka rubuta ba, da masana ba su san ainihin shekarar fashewar ba, domin na'ura ba ta iya komawa 1054. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Mu ma muna da tsofaffin takardun ilmin taurari da hisabi a gidajen malamai a Kano da Katsina da Sakkwato, gara da ɗigar damina suna cin su. Wajibi ne mu ɗalibai da malaman Hausa mu nemo su, mu karanta, mu adana, tun kafin su salwanta.