Hannu Ko Sa'a: Tarihin Wasannin Yaƙi Na Bi Da Bi

A ƙofar gidanmu akwai wata dalbejiya da dattawan unguwa suke zama a gindinta bayan la'asar. A nan na fara ganin dara. Gurabe talatin ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan yana riƙe da tsakuwa goma sha biyu, wancan da tsinke goma sha biyu. Kowa ya kasa nasa bi da bi, sannan a fara turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Abin da ya zauna mini a rai tun lokacin shi ne shirun da ake yi. Dattijo zai tallafe haɓa ya daɗe yana kallon ƙasa, babu mai ce masa ya yi sauri, domin yinsa ne. In kuwa aka cinye shi, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Mu yara ludo muke bugawa a zaure, kuma a ludo kullum akwai abin zargi. Duk wanda aka ci sai ya ce ɗan ludon ne ya hana shi shida.

Shekaru da yawa bayan haka na sake cin karo da wannan bambanci a inda ban yi zato ba, a cikin wani wasan kwamfuta da ƙanina ya saka mini, mai suna SteamWorld Heist. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, Image & Form, ya fitar da shi a watan Disamba na 2015, da farko a na'urar hannu ta Nintendo 3DS, daga baya ya iso kwamfuta da waya da sauran na'urori. Labarinsa tatsuniya ce ta zamani. Duniya ta tarwatse, babu sauran ɗan Adam a fage, sai mutum-mutumin ƙarfe masu aiki da tururi suna rayuwa a kan ɓaraguzanta a sararin samaniya. Tunda tukunyar da ke ƙirjinsu sai da ruwa take tafasa, ruwa ne kuɗinsu, da shi ake sayen bindiga a kuma ɗauki ma'aikata. Kai kuma kana jan ragamar Kyaftin Piper Faraday, 'yar fasa-ƙwauri da hali ya mayar 'yar fashi, wadda take kutsawa jiragen abokan gaba da 'yan tsirarun mutanenta. Abokan gaban kala uku ne: 'yan daba masu tsintar ƙarafa da ake kira Scrappers, sojojin fada masu shan man dizal, sai rundunar Vectron mai aiki da lantarki.

Kafin in faɗi abin da ya kama ni a wasan, sai mun koma baya shekara ɗari biyu da 'yan kai, domin gardamar hannu ko sa'a da yake ciki ta girme shi nesa ba kusa ba.

Wasan yaƙi a kan allo tsohon abu ne. Darar da Turawa suke kira ches daga Indiya ta taso wajen ƙarni na 6, da sunan chaturanga, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa a matsayin shaɗaranji. A cikinta babu sa'a ko ta anini. Doki ya sauka a gurbin soja, soja ya tafi. A 1780 wani malamin lissafi a Braunschweig ta Jamus, Johann Hellwig, ya faɗaɗa allon zuwa gurabe 1,617, ya zuba masa koguna da duwatsu da dazuzzuka domin ya koya wa 'ya'yan fada dabarun yaƙi. Duk da haka ƙamshin ches bai bar shi ba.

Wanda ya karya wannan tsari wani hafsan sojan Furushiya ne, Georg von Reisswitz ƙarami. Mahaifinsa ya riga ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburin wasan yaƙi a 1812, ɗan kuma ya gyara shi ya buga dokokinsa a 1824. Maimakon allon gurabe ya shimfiɗa taswirar ƙasa ta gaske, ya yi rundunoni da 'yan guntayen ƙarfe, ja da shuɗi, ya sa kowane yi ya zama daidai da minti biyu na fagen fama. Ya naɗa alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ne yake ganin komai. Sannan ya shigo da ɗan ludo. Idan igwa ta buɗe wuta, sai a jefa, a duba jadawali, a ga mutum nawa suka faɗi. Hujjarsa mai ƙarfi ce: a yaƙin gaske kwamanda yana ba da umarni ne kawai, ba shi ne yake riƙe da kowace bindiga ba, kuma umarni mai kyau yakan haifi mugun sakamako. Shugaban hafsoshi, Janar von Müffling, ya gani ya ce abin ya wuce wasa, horon yaƙi ne, ya sa aka baza shi a rundunoni. Ana kiransa Kriegsspiel. Da Furushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayonsa.

Ɗaya ɓangaren gardamar daga hannun marubuci ya fito. H. G. Wells, Baturen Ingila da ya shahara da labaran ƙirƙira na kimiyya, ya buga wani ɗan littafi a 1913 mai suna Little Wars. Asalin abin, shi da abokinsa marubuci Jerome K. Jerome ne suka ɗauki igwar wasan yara mai sifirin suka fara harbin sojojin darma da ita. Daga nan aka yi dokoki. Ana shimfiɗa fage a daɓen ɗaki ko a kan ciyawar lambu, ana auna tafiya da kirtani, sojan ƙasa ƙafa ɗaya a kowane yi, mahayin doki ƙafa biyu. Idan lokacin harbi ya zo, babu jadawali, babu jefa komai. Mutum zai durƙusa, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa, ya saita igwar da idonsa, ya saki ɗan guntun katako. Sojan da ya faɗi ya mutu, wanda ya tsaya yana raye. Ina son in riƙa tuna manyan mutanen nan masu gashin baki suna rarrafe a kan gwiwa, domin sun gane wani abu da jadawali ba ya bayarwa: daɗin da mutum yake ji idan hannunsa ne ya yi aikin. Wells mai ƙin yaƙi ne, yana fatan irin wannan wasa ya ishi masu ƙishirwar faɗa. Shekara guda bayan littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Da kwamfuta ta shigo gidaje, ɓangaren Reisswitz ne ya yi rinjaye, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda jefa ƙuri'a da duba jadawali shi ne aikin da na'ura ta fi iyawa. Wani matashi a Ingila, Julian Gollop, ya fitar da Rebelstar Raiders a 1984 a kan ƙaramar kwamfutar ZX Spectrum, sai Laser Squad a 1988. A 1994 shi da ɗan'uwansa Nick suka yi UFO: Enemy Unknown, wanda a Amurka aka sani da X-COM, inda kake jagorantar 'yan sojoji kaɗan su fuskanci baƙin halittu daga sama, kowane soja da adadin lokacin da zai kashe a yinsa. A Japan kuma kamfanin Intelligent Systems ya fitar da Fire Emblem a 1990, wanda ya shahara da cewa jarumin da ya mutu ya mutu ke nan. Da kamfanin Firaxis ya farfaɗo da XCOM a 2012, tsarin ya fito fili ƙarara: ka zaɓi wanda za a harba, na'ura ta rubuta maka kashi nawa cikin ɗari ne za a same shi, ka danna, ka jira hukunci.

Duk wanda ya buga XCOM ya san zafin ganin kashi 95 a rubuce, sojanka yana tsaye dab da dodo, ya harba ya ɓarar. Ban raina wannan tsari ba. Yana koya wa mutum ya tanadi mafita tun kafin ya harba, kuma darasin da hafsoshin Furushiya suke nema ke nan. Amma zafin irin na ludo ne. Ka yi duk abin da ya kamata, wani abu da ba ka gani ya yanke maka hukunci.

Mutanen Gothenburg sun ɗauki gangar jikin XCOM, wato tafiya bi da bi, fakewa a bayan ganguna, 'yan mutane kaɗan, sai suka cire ƙuri'ar daga harbi suka mayar da bindigar hannun mai wasa. Ba su ne farkon masu yin haka a kwamfuta ba, domin Worms na kamfanin Team17 ya yi saitin hannu tun 1995, amma shi wasan barkwanci ne na abokai. A Heist ana kallon jirgi ta gefe, kamar an yanka gida biyu ana ganin benaye da matakala, kuma harsashi yana dukan bango ya karkata.

Bari in ba da misalin dare ɗaya. An ɗauke wuta, batirin kwamfutata ya kusa ƙarewa, ƙararrawar jirgin da na kutsa tana ta ƙirga, in ta cika sai ƙarin dakaru su shigo. Wani ɗan Scrappers ya laɓe a bayan ganga, babu hanyar samunsa kai tsaye. Piper tana riƙe da bindiga mai madubi, irin wadda take zana jan layi ta nuna inda harsashi zai bi. Na ɗaga bakin bindigar sama. Layin ya daki rufi, ya sauko kan wani bututu, ya karkato ya tsaya daidai ƙeyarsa. Amma bindigar ba ta tsayawa cak, tana ɗan lilo sama da ƙasa kamar mai riƙe da ita yana numfashi, layin yana barin kansa yana dawowa. Na jira sau uku, na danna a na huɗu, kuma na yi gaggawa da ƙiftawar ido. Harsashin ya wuce ta saman kansa ya tuge masa hula kawai. A wasan, hular da ka harbo takan faɗi ƙasa, in ka je ka ɗauka ta zama taka, har akwai masu bugawa don tara huluna. Ni dai a daren ban samu hular ba, shi kuma a yinsa ya ragargaza mini mutum guda. Wata rana kuma gurnetin da na cilla ya daki ƙofa ya dawo kan mutanena, dara ta ci gida.

A duka biyun ban ji haushin na'ura ba. Na san abin da na yi, na kuma san abin da zan gyara, shi ya sa washegari na koma da ɗoki. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun sassauta a wani wuri: wanda aka tarwatsa a cikin mutanenka ana sake haɗa shi bayan an dawo jirgi, tunda ƙarfe ne, ba kamar Fire Emblem ba. Da wanda ya faɗi ba ya dawowa, da ba wanda zai yi kasadar harbin da sai ya daki bango biyu, kuma a irin wannan harbi ne daɗin wasan yake. Sa'a ma ba a kore ta gaba ɗaya ba, ita ce take tsara fasalin yawancin jiragen da abin da za ka samu a buhunan ganima. An dai hana ta taɓa kunamar bindiga.

Kamfanin Image & Form ya shige cikin rukunin Thunderful, wanda ya fitar da SteamWorld Heist II a watan Agusta na 2024, aka sauko da 'yan fashin daga sama zuwa teku ƙarƙashin Kyaftin Leeway, amma ba a taɓa saitin hannun ba. A gardamar nan ta Reisswitz da Wells, ni ina bayan Wells da dattawan gindin dalbejiya. Mai karatu da ya taso da dara, in ya samu dama ya gwada na 2015 ɗin, kuma in layin ya fara lilo kada ya yi gaggawar dannawa.