Tsakanin Kukan Ali Nuhu da Dariyar Ibro: Waiwaye Daga Kurudu

Makon jiya ne 'yata ta fari ta gama kallon wani fim na ƙasar waje a wayarta tana ta ƙyaƙyata dariya, wai labarin wani saurayi ne da budurwarsa da kullum sai sun yi faɗa sun shirya. Da ta gama sai ta ce da ni, "Baba, me ya sa a tsofaffin finafinan nan na Hausa da kuke yabo, da saurayi ya ga budurwa sai kuka ya biyo baya?" Na buɗe baki zan kare zamaninmu, sai na ga yarinyar nan tana da gaskiya. Wannan ne ya sa na zauna na waiwayi tarihin abin.

A fahimtata, fim ɗin Hausa magudanai biyu ne suka haife shi, kuma sun daɗe ba su gauraya ba. Ta farko ita ce ta soyayya. Tun shekarun 1960 Kwarori masu gidajen sinima suke kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, mutanen Kano suna cika Plaza da Orion da Eldorado suna kallon masoyan da iyaye suka raba. Bahaushe ya ga kansa a ciki, don shi ma ya san auren dole, ya san attajirin da ke ƙwace wa talaka budurwa. Daga nan abin ya gangaro cikin littattafan soyayya na shekarun 1980 zuwa 1990. Shahararre a cikinsu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka mayar fim a 1994, inda Sumayya 'yar mai kuɗi ta faɗa rijiya saboda an hana ta Muhammad ɗan talaka. Mai karatu, ka ga inda kukan ya samo asali.

Magudana ta biyu ita ce ta barkwanci, ita kuwa daga wasan kwaikwayon rediyo da talabijin ta fito: Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero a Kaduna, Ƙarƙuzu a Jos. Waɗannan dattawa ba ruwansu da tsayuwa a gindin fulawa. Rikicin gidan haya, bashi, kishi da wauta su ne jarinsu. Da harkar bidiyo ta kankama bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda ya gaji wannan layin ya kuma fi kowa cin kasuwarsa shi ne Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, tsohon gandiroba.

Har suna 'yan fim suka raɗa wa ɓangarorin biyu: wannan "santimental", wancan "camama". Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad kuma Zubaina mai aikatau a gidan sarauta. A 2000 sai ga Wasila na Yakubu Lere, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, labarin matar da ta ci amanar mijin da ke mutuwar sonta. A shekarar 1999 ɗin nan ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallarsa Tauraruwa. Duk wanda ya kalli waɗannan finafinai zai tuna cewa jarumin ba ya abin dariya. Yana da kunya, yana da haƙuri, in ya buɗe baki waƙa ce ko rantsuwa. In kuwa Ibro ya je zance a nasa fim ɗin, to kowa ya san da duka ko da gudu za a tashi, ba wanda ke jiran a ɗaura aure.

Ni na sauka Kurudu a 2004, lokacin da rushe-rushen cikin gari ya fara koro jama'a zuwa wannan hanya ta Karu zuwa Karshi. Yawancinmu gwauraye ne a lokacin: 'yan acaba, masu shayi, masu wankin hula, leburorin gini. Akwai wani ɗan shagon hayar kaset kusa da inda nake kwana, mai shagon ya raba kantarsa gida biyu, dama soyayya, hagu camama. Wanda ya samu wasiƙa daga gida cewa an ba da yarinyar da yake nema, dama yake nufa. Wanda aka kama wa babur, hagu. In an ɗauke wuta a haɗa kuɗin mai a tayar da janareto. Abu ɗaya da na riƙa jin nauyinsa shi ne in Ɗangwari ya fito a camama yana karya Hausa muna dariya, alhali mai gidan da muke haya Bagwari ne, yana zaune a ƙofa yana jinmu. Ba mu taɓa tunanin haka ba sa'ad da muke Kano.

To amma abin tambaya, shin neman auren Bahaushe babu raha ne a cikinsa? Ko kusa. Wanda ya yi zance a ƙauye ya sani. Ka aika yaro ya yi maka sallama da ita, ya dawo ya ce wai ta ce ba ta nan. Kakarta ta fito ta ce ai ita ce matarka ta fari, sai ka biya ta kafin ka ga kishiyarta. Taubasai su tare ka, ƙawayenta su yi maka tsiya a kan hularka, ranar sayen baki abokan ango da ƙawayen amarya su kwana suna ciniki kamar a kasuwar Kurmi. Dariyar tana nan jibge, sai dai ba daga bakin masoyan take fitowa ba, dangi ne ke ɗauke da ita, su kuwa su biyun kunya ce tasu. Da fim ya ɗauko salon Indiya sai ya ware masoyan ya kai su lambu su kaɗai, ya baro kaka da taubashi a gida. Dariyar ta zauna tare da su.

Sai kuma takunkumi. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Mace da namiji ba sa taɓa juna a fim. Bayan abin kunyar da ya auku a 2007 aka ƙara ɗaure igiya a zamanin Abubakar Rabo: Adam A. Zango ya shiga kurkuku a 2007, Ibro a 2008, Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen Disambar 2008 kan fim ɗinsa Tsintsiya, wanda a shekarar ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a nan Abuja. A irin wannan yanayi furodusa ba zai yarda ya nuna saurayi da budurwa suna zolayar juna ba, kada a ce ya koya wa yara rashin kunya. Kuka ba ya kai mutum kotun tafi-da-gidanka. Har a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da ClassiQ.

Ibro ya rasu a Disambar 2014, Allah Ya jiƙansa. A shekarar ce aka buɗe tashar Arewa24, kuma a ganina dogon zango ne ya fara haɗa magudanan nan biyu, abin da fim na awa biyu ya kasa. Daɗin Kowa yana da fili, saboda haka ya dawo da unguwa gaba ɗayanta: masoya suna nasu, Kamaye da Adama suna nasu rikicin a gefe, mai shayi yana sa baki, maƙwabta kuma ba duka Hausawa ba ne. Wallahi ranar da na fara kallonsa Kurudu na gani. Gidan Badamasi ya zo ya mai da neman aure kansa abin dariya, Rahamar da aka kora kuwa ita ce ta shirya Mati a Zazzau a 2020.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu da aka haifa a nan. Kakanninsu suna Katsina da Zariya da Maraɗi, taubasai sai a waya, rabin zancen ma a WhatsApp ake yinsa. Yaron da ke neman 'yar tawa ya fara zuwa wata uku da suka wuce, ya tsaya a ƙofar gida a sandare kamar mai jiran hukunci, ba mai tsokanarsa balle ya saki jiki mu ga halinsa. A zuwansa na uku ne tsohuwar nan Bagwariya, mahaifiyar mai gidanmu, ta fito da sandarta ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ita ce uwargida, in bai kawo mata goro ba kada ya sake taka ƙofar nan. Yaron ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yanzu duk Juma'a da ƙullin goro yake zuwa, kuma wajenta yake fara durƙusawa.