Abul Ala'i da Imamul Gazali: Haihuwa Tsakanin Ɗabi'a da Zaɓi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, dabba ba ta yin shawara kafin ta haihu. Idan lokacinta ya yi, ɗabi'ar da Allah Ya halicce ta a kai ce take jan ta. Ɗan Adam ne kaɗai yake iya tsayawa ya tambayi kansa ko zai nemi zuriya, kuma don me. Wasu mutum biyu a tarihin Musulunci sun fuskanci wannan tambaya. Ɗaya ya rasu a shekara ta 449 bayan Hijira (1057), ɗayan kuma aka haife shi a shekara ta 450 (1058).

Na farko shi ne Abul Ala'il Ma'arri, mawaƙi kuma masanin lugga, mutumin Ma'arratun Nu'uman a ƙasar Sham. An haife shi a shekara ta 973. Agana ta makantar da shi yana da kimanin shekara huɗu. Ya je Bagadaza neman ilmi, bai cika shekara biyu ba ya juyo gida, mahaifiyarsa kuma ta rasu kafin ya iso. Daga nan ya lazimci gidansa kusan shekara hamsin. Ya bar cin nama da ƙwai, ya bar madara da zuma, don tausayin dabbobi. Bai yi aure ba, domin a ganinsa fito da ɗa cikin duniya mai wahala laifi ne da uba yake yi wa ɗansa. An ruwaito ya yi wasiyya a rubuta wannan ma'ana a kan kabarinsa. Malamai sun saɓa a kan aƙidarsa, wasu suka tuhume shi da zindiƙanci, wasu suka kare shi.

Na biyu shi ne Abu Hamidil Gazali, mutumin Ɗusa a Khurasan, wanda ya rasu a shekara ta 505 (1111), Allah Ya ji ƙansa. A cikin Ihya'u Ulumid Din bai musanta cewa akwai dabba a jikin mutum ba. Ya kwatanta fushi da kare, sha'awa da alade, hankali kuma da mai hikima wanda aka ɗora wa nauyin ladabtar da su. A babin aure ya lissafa fa'idoji biyar, ya sa samun ɗa a farko. Sha'awa a wurinsa kamar tsabar da ake watsa wa tsuntsu ce don a kai shi tarko: Allah Ya sanya ta ne domin kada zuriyar ɗan Adam ta yanke.

Sai dai Gazali bai mayar da haihuwa tilas a kan kowa ba. Ya ambaci illoli uku da ke iya biyo bayan aure: gazawa wajen neman halal, tauye haƙƙin iyali, da shagala daga Allah. Ya ce kowa ya auna halinsa. Game da azlu, wato zubar da maniyyi a waje, ya tafi a kan halas ne, barin abin da ya fi ne kawai, kuma ya raba shi da zubar da ciki. Ya karɓi niyyar mai kiyaye lafiyar matarsa, da mai tsoron yawan 'ya'ya ya jefa shi cikin ƙunci da neman haram. Amma ya ɓata niyyar mai gudun haihuwar 'ya mace, domin wannan halin Jahiliyya ne.

Rashin aure shi kaɗai ba abin zargi ba ne. Imamuɗ Ɗabari (ya rasu 923) da Imamun Nawawi (ya rasu 1277) ba su yi aure ba, ilmi ya cinye rayuwarsu, amma ba su ga haihuwa laifi ba. Inda Abul Ala'i ya rabu da su shi ne ya auna rayuwa da wahalarta kaɗai, ya bar rahama da sakamako a wajen ma'auni. Tausayinsa gaskiya ne, hukuncinsa ne ya karkace.

Duk da haka, tambayarsa tana nan a wuyan kowane uba. Wanda ya haifi yara ya sake su ba ci, ba tarbiyya, ba ilmi, ya bi ɗabi'a ya bar amana, kuma shi ne yake ƙarfafa hujjar makahon Ma'arra. Ko kaza tana rufa wa 'ya'yanta fiffike idan shaho ya kawo sura. Malaman tarihi sun ce Gazali ya rasu bai bar kowa ba sai 'ya'ya mata, shi da ya tsawatar wa masu gudunsu.

Allah Ya ba mu zuriya ta gari, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinta. Wallahu a'alamu.